Na Kusa Ake Fara Ɗauka

Ranar da aka binne Baba, surukina, rumfar da aka kafa a ƙofar gida ba ta ɗauki mutane ba. Sai da aka aro tabarmi daga masallaci da bencina daga coci, aka jera su wuri ɗaya har kan hanyar kwata, inda jirage ke tsayawa. Masunta sun hauro daga tsibirai da laka a ƙafafunsu. Matan Fulani sun jera ƙoren nono a gindin katanga suka koma gefe suka zauna. Wata tsohuwa ta taso tun daga Shanga a bayan babur, ƙashinta duk ya jijjigu, ta zauna tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. 'Yan zumuntar mata suna waƙa a cikin gida, a waje kuma Musulmi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah shi ba da haƙuri. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya ce, "Allah shi jiƙanai," da ƙarfi, har na kusa da shi suka waigo suka dube shi. Malam ne, abokin kamun kifin Baba, wanda ya riƙe masa bayan kwalekwale fiye da shekara arba'in. Bai janye maganar ba.

Inna, matar Baba, tana zaune a ƙofar ɗakinta, idonta a bushe. Duk wanda ya durƙusa ya ce mata an yi rashin mutumin kirki, amsarta ɗaya ce.

"Ku anka yi wa rashi. Na mutane na."

Baƙi sun ɗauka tawali'u ne. Mu na gida mun san ba shi ba ne. Shekara goma sha huɗu Inna ba ta yi wa Baba magana ba sai wadda ta zama dole, irin su ga tuwo, ga ruwa, ana sallama da kai. Dalilin kuwa ni ce. Ni Baba ya ciro daga ruwa ranar da ɗansa na fari, maigidana, ya nutse. Inna ta ce ya gan shi ya ƙyale shi. Ni kuma na kwashe waɗannan shekarun ina ɗauke da tambaya ɗaya da ban iya yi masa ba: shin ya gan shi, in kuma ya gan shi, zuciyarsa ta ko motsa?

Ni ce magatakardar zumuntar mata, don haka fasto ya ce in rubuta ɗan tarihin Baba a karanta a coci. Na rubuta musu shafi ɗaya mai tsabta, aka karanta, aka ce amin. Wannan kuwa na rubuta shi ne don 'ya'yana mata biyu, kada su tsaya ga hoton da aka buga a jikin kalanda, inda aka sa masa babbar rigar da ba tasa ba.

An haifi Baba a tsibirin da yanzu yake ƙarƙashin ruwa. Da aka datse kogi aka yi dam, aka kwashe su yana saurayi aka kawo su tudu, gefen Wara. In muna ƙetarewa da shi yakan tsaya da tuƙi a wani wuri da ni ban ga bambancinsa da sauran ruwa ba, ya nuna ƙasa da filafili ya ce nan rumbun babansu yake. Babansa ya mutu yana bin addinin kakanni, ƙanensa ya musulunta, shi kuma ya bi masu bishara, kuma akushi ɗaya su ukun suke sa hannu har tsohon ya rasu. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, muryarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji shi.

Maganarsa da kowa ya sani ita ce "ban san ba." Har matan kwata sun sa masa suna da ita, suna tsokanarsa. Sai dai ba ya tsayawa a nan, kullum akwai "amma" a bayanta. Ka tambaye shi ko hadarin nan zai zubar, ya ɗaga kai ya duba ya ce, "Ban san ba, amma ku kwashe shanya." Ka tambaye shi ko mara lafiyan nan zai tashi, ya ce, "Ban san ba, amma a dama mai kunu." Da farkon zuwana gidan abin yana ba ni haushi. Ni mace ce mai son a ce mini i ko a'a. Na taɓa ce wa maigidana, wannan tsohon naku ko sunansa aka tambaye shi cewa zai yi bai sani ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce nasa sunan ya sani, nawa ne dai bai sani ba.

Wasa yake yi, amma akwai gaskiya a ciki. Baba mai kunyar ɗan fari ne irin ta mutanen da. Tun da aka haifi maigidana bai taɓa kama sunansa ba. "Kai" ne, ko "wancan," ko ya aiki wani ya ce kira mini babban gida. An ce ranar da ya kai shi makaranta, da malami ya tambayi sunan yaro, sai da Baba ya fita waje ya nemo maƙwabci ya zo ya faɗa. Inna ma ba ta faɗa, ni ma da na zo ban faɗa ba, don wace mace ce take kama sunan miji? Mu uku da muka fi kowa kusa da shi babu mai kiransa da sunansa. Maigidana yana mai da abin raha. Wata rana muna gyaran kifi ya ce mini, "Ran da Baba yak kira sunana, ko ina bisa icce sai na saki reshe na hwaɗo." Na ce to Allah ya sa ranar kana kan tabarma.

Ni kuwa "Amarya" yake ce mini, tun ranar da aka kawo ni har na yi furfura. Tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe, kai a ƙasa. Matar ɗa ba ta zama ta yi hira da suruki, balle ta titsiye shi da tambaya.

Baba yana da doka ɗaya a ruwa, wadda ya gada daga babansa, kuma duk saurayin da ya koyi kamun kifi a hannunsa ya haddace ta. In jirgi ya kife ka zo ceto, na kusa ake fara ɗauka. Ba a duban fuska. Dalilinsa na aiki ne: wanda ka tsallake don ka kai ga naka, shi zai kama bakin kwalekwalen da ƙarfin mai mutuwa ya kifar da ku duka, a rasa shi, a rasa kai, a rasa naka ɗin. Kuma ba hannu ake miƙawa ba, filafili ake miƙawa, a jawo mutum ta baya. Yakan ce Ubangiji bai ce masa ya zaɓi maƙwabci ba, wanda filafilinsa ya kai shi ne maƙwabcinsa na wannan lokacin. Muna jin wannan muna gyaɗa kai, don ba a kanmu aka gwada ba tukuna.

Ranar kasuwa ce, ƙarshen damina. Ni da maigidana mun ƙetara da bandar kifi, muna dawowa bayan azahar. Ina da cikin wata huɗu, babbar 'yarmu tana gida wurin Inna. Jirgin ya sha kaya: buhunan shinkafa, babura biyu, awaki, mutane har a kan baki, ruwa saura ɗan yatsa ya shigo. Kowa ya gani, ni ma na gani, kuma babu wanda ya sauka, don babu mai son ya kwana a ƙetare. Mun hango kwata ke nan iska ta taso, direban ya kauce wa igiyar ruwa, sai jirgin ya hau kan kututture, irin itatuwan nan da ruwan dam ya shanye suka tsaya a ƙasa. Na ji ƙara, na ji katako ya tsage a ƙarƙashin ƙafata, sai ruwa.

Abin da nake tunawa kaɗan ne. Zanena ya naɗe mini ƙafafu. Wani ya taka kafaɗata ya danna ni ƙasa. Na taso na sake nutsewa. Sai katako ya bugi hannuna na kama, aka ja ni, na tsinci kaina a kwance cikin kwalekwale ina amai, kusa da wata tsohuwar Bafulatana da wani baƙo da ba ɗan garinmu ba. Baba da Malam ne, suna duba tarunsu a kusa lokacin da abin ya faru. Tun ana jawo ni na ji an kira sunan maigidana sau uku, da wata murya siririya a tsage da ban taɓa ji ba. Na ɗauka ni ce. Na ce a raina tashin hankali ya sa bakina ya suɓuce, har kunya ta kama ni daga baya, ban faɗa wa kowa ba.

Mutum bakwai Baba ya fitar a ranar, sawu biyu. Maigidana sai a kwana na uku ruwa ya dawo da shi, Baba ne kuma ya gano shi a cikin ciyawa ya kawo shi kwata a lulluɓe da rigarsa. A nan Inna ta tare shi, a gaban jama'a.

"Kunyar ɗan hwari har cikin ruwa? Kad ɗauki Bahillata, kad ɗauki baƙo, kad ɗauki ɗiyar wasu, kab bar nawa. Don a ce kai na mutumin Allah? To an ce. Ka ji daɗi."

Baba yana tsaye, ruwa yana ɗiga daga wandonsa. Ya ce, "Na kusa a ka hwara ɗauka." Bai ƙara komai ba. Ni ce ɗiyar wasu, ina tsaye a bayanta ina ji.

Da na fita takaba iyayena suka zo daga Yauri za su tafi da ni. Baba ya ce in na so in tafi, in na so in zauna, ɗakin nawa ne. Na zauna, har yau ban san ko don yaran ba ne ko don taurin kai. Inna ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa cin abin da na dafa ba. Ta sayi 'yar tukunyarta ta kafa murhu a bayan ɗaki. Jikokinta kuwa tana goya su tana yi musu wasa, ƙaramar da na haifa bayan wata biyar ma a bayanta ta girma. In na miƙa mata kwano sai ta ce ta ƙoshi, in yarinyar ta ɗebo mata ruwa ta sha. Haka muka zauna gida ɗaya, mutum uku, kowa yana kewaye kowa.

Zan faɗi gaskiya, akwai ranakun da na tsani Baba. Ceto abu ne mai nauyi in ba ka roƙa ba. Ina kallonsa yana ɗinkin taru a gindin mangwaro hankalinsa kwance, in ce a raina wannan mutum dutse ne, da ya tsallake ni da yanzu Inna tana da ɗa, yara suna da uba, ni kuma na huta. Sai in tashi in kai masa ruwa in durƙusa.

Rigima ɗaya na taɓa ganin Baba ya yi, a coci kuma ya yi ta. Shekara ta zagayo, aka gayyato wani matashin mai wa'azi daga birni, mai ƙarfin murya da takalmi mai sheƙi. An ba shi labarinmu, sai ya ga ya sami abin wa'azi. Ya sa na miƙe da jaririya a hannu, ya nuna ni, ya ce ku dubi hikimar Allah, ya ɗauki ɗaya ya bar biyu, nufinsa ne jirgin nan ya kife domin a ga ɗaukakarsa. Mutane suna ta amin. Baba yana zaune a gaba, a kujerun dattawan ikilisiya. Sai ya miƙe.

"Malam, gahwara. Kana nan sadda Allah yay yanke wanga shawara?"

Mai wa'azin ya juyo, Baba ya ci gaba.

"Jirgin da za shi ɗauki rabinmu munka cika da buhu da babura, muna gani. Wanga nuhinmu na, kak ka aza wa Allah. Nuhin Allah ni ban san shi ba. Na tambaye shi, bai hwaɗa min ba. Abin da yab ba ni hannu biyu na da hilahili. Amarya, zamna."

Na zauna. Bayan an tashi dattawa suka ce ya kunyata baƙo, sai ya ba da haƙuri. Ya je ya sami yaron ya ce ya yi kuskure da ya katse shi yana magana, amma maganar tana nan. Daga ranar bai sake zama a kujerun gaba ba. Ya koma benci na ƙarshe, bakin ƙofa, ya karɓi tsintsiya daga hannun matan da ke shara. Fasto ya yi ta lallashinsa ya dawo, ya ce a bar shi, nan ya fi jin wa'azi. Shekara goma sha uku shi ke share cocin nan da bayan gidanta, dattijo mai jikoki, samari suna wucewa suna gaishe shi suna jin nauyi.

A wannan lokacin ne ya fara tara jarkoki. Duk jarkar manja ko ta fetur da aka yar, ya tsince ta ya wanke, ya toshe murfin da roba, ya ɗaure su biyu-biyu da igiya. Ranar kasuwa ya tsaya a kwata yana miƙa wa masu shiga jirgi. Masu jirage suna jin haushi, suna cewa tsoho yana yi musu fatan tsiya. Wasu fasinjoji su karɓa, wasu su zauna a kai, wasu su tafi da ita gida su zuba kananzir. Bai fasa ba. Kowa ya miƙa wa, magana ɗaya yake yi masa: "In anka hwaɗa, riƙe jarka. Ko wa yak kira ka, kak ka saki." Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da suke maimaitawa har ta rasa ma'ana.

Tsohuwar nan ta Shanga kuwa, ga abin da ya kawo ta. Wata shekara ruwa ya kawo gawar wata mata da babu wanda ya san ta, ta kwana biyu a ruwa, ba a iya tsayawa kusa. Aka tsaya ana gardama ko ta masallaci ce ko ta coci, kowane ɓangare yana tura wa ɗayan. Baba ya ɗauko fartanya. Aka ce masa ka san ko ta wace ce? Ya ce, "Ban san ba, amma rana tana yi." Ya sa mata biyu suka suturta ta, ya haƙa kabari a tudu, ya kwantar da ita a gefen dama tana duban gabas, ya ce in Musulma ce an yi mata daidai, in Kirista ce ba ta rasa komai ba. Ya yi addu'arsa, ya ce Malam ya yi tasa. Zanen da aka same ta da shi ya wanke ya rataye a itacen kwata. In ya yi datti ya sake wankewa ya mayar. Kusan shekara zanen nan yana rataye, har wata rana wani mai jirgi ya kai labari har Shanga, tsohuwar ta zo ta gane zanen 'yarta. Baba ya kai ta kabarin. Da Inna ta ji labari, abin da ta ce shi ne ɗiyan mutane suna da sa'a.

Ciwonsa ya fara da kumburin ƙafa. Muka kai shi asibiti a Yauri, ya yi kwanaki, ya ce a mai da shi gida ya ji warin ruwa. Ni ke dama masa kunu. Kullum in na shiga da kwano sai in ce yau zan tambaya, in na durƙusa sai in ajiye kwanon in fita. Wata safiya ya riga ni.

"Amarya."

"Na'am, Baba."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, leɓensa yana motsi. Na ce a raina yau ce.

"Kin ci abinci?"

Na ce na ci. Shi ke nan hirar da muka yi, ni da mutumin da ya ciro ni daga ruwa.

Ranar da zai cika, da hantsi, ya ce a kira masa Inna. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ga ta. Ya dube ta, ya buɗe baki, ya rufe. Ta jira kaɗan, ta ga leɓensa a bushe, ta ce bari ta kawo ruwa. Kafin ta dawo da moɗa ya tafi. Ta tsaya da moɗar a hannu, sannan ta ajiye ta a ƙasa a hankali ta koma ɗakinta.

A kwana na uku na zaman makoki, da la'asar, jama'a sun ragu, Malam ya yi sallama ya ce yana son ya shigo ya ga Inna. Ya tsufa shi ma, da sanda yake tafiya. Ya zauna a kan turmi, ya ce ni ma in tsaya, maganar ta shafe ni.

"Ya sa na yi mai alkawali ba ni hwaɗi shina da rai," in ji Malam. "Yanzu ba shi da rai, ni ko na gaji da ɗaukatta."

Inna ba ta dube shi ba.

"Ranan nan ya ga yaron. Tun da munka iso yag gane shi. Shina can nesa, ya rungume jarka, kainai bisa ruwa, lahiya lau. Da an bar shi haka da mun kai gare shi sawu na biyu. Munka ɗauki Bahillata, munka ɗauki baƙon, shina jawo wagga da hilahili, idonai na ga yaron. Sai igiyar ruwa ta rufe shi, ta buɗe. Nan mutumin ga yak kasa. Yak kira sunanai."

Inna ta ɗago kai.

"Ni kaina sai da nij juya, don ban san muryar ba. Shekara arba'in muna tare ban taɓa jin sunan ga bakinai ba."

"Sau nawa?" in ji Inna.

"Ukku."

"Wane? Na coci?"

"A'a. Wanda kakatai tar raɗa mai."

Inna ta dafa ƙasa da hannu biyu. "Ya ji?"

"Ya ji. Yac ce, na'am Baba. Yas saki jarkar, yat taho da iyo." Malam ya share fuska da hannun riga. "Tsakaninmu da shi akwai mutane cikin ruwa. Wani yak kama shi. Ba mu sake ganinai ba."

Ina jin tafasar tukunya a murhu, ban iya tashi na sauke ba. Muryar nan siririya da na ɗauka tawa ce shekara goma sha huɗu, ashe ta Baba ce, a daidai lokacin da hannunsa yake jawo ni.

"Nac ce mai ya hwaɗa miki," in ji Malam. "Yac ce gara ki riƙa ganin bai so yaron ba da ki san kiranai yak kashe shi. Nac ce wanga ba daidai ba na. Yac ce bai san ba."

Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce Allah shi ba mu haƙuri, ya fita.

Na yi ta juya wannan abu, har yau ban kai ƙarshensa ba. Baba ya bi dokarsa, dokar ta fitar da mutum bakwai. Sau ɗaya ya saki baki don ƙauna, kuma wannan sau ɗayan ne ya ci ɗansa. In akwai nufin Allah a nan, ni ma ba a faɗa mini ba, kuma duk wanda ya zo zai bayyana mini shi da murmushi zan nuna masa ƙofa. Ina zuwa coci, ina addu'a, wata rana da fushi nake yinta. Abin da na gani da idona shi ne mutumin da ya tambayi Allah dalili bai sami amsa ba, ya tashi ya ɗauki tsintsiya, ya wanke zanen baƙuwa, ya tsaya a rana yana roƙon mutane kada su saki jarka. Ban ce ya yi daidai da ya ɓoye wa Inna ba. Ya cuce ta, ya cuci kansa, ya cuce ni. Ina kewarsa duk da haka, kewa mai zafi, kuma ina jin kunyar ranakun da na kira shi dutse.

Bayan kwana bakwai aka kwance rumfa, aka mai da tabarmi masallaci, bencina coci. Sauran 'ya'yan Baba suka koma garuruwan da suke aiki, 'yan matana suka koma makaranta. Gidan ya rage ni da Inna. Tun ranar da Malam ya zo ba ta hura murhunta ba, 'yar tukunyar tana kife a bayan ɗaki, kaji suna hawa. Idonta ma ya fara rauni, ba ta ganin bakin rijiya sosai.

Da rana ta yi sanyi na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, na zuba a kwano, na ɗauki buta. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin Baba, ta jawo jarkoki biyu da bai kai ga ɗaurewa ba ta ajiye a gabanta, tana shafa igiyar. Na durƙusa na ajiye kwanon kamar yadda na saba ajiyewa ina ɗaukewa. Ba ta ce ta ƙoshi ba. Ba ta dube ni ba kuma.

"Shina son ya hwaɗa min, ranan nan," ta ce. "Ni ko nit tahi ɗibar ruwa." Ta murza igiyar a hannunta. "Ke da kike kai mai kunu. Mi yas sa yab bar ni ina ƙinai har yam mutu?"

"Ban sani ba, Inna," na ce. Sai na ji maganar ta tsaya a rataye, ba ta cika ba. Na ɗaga butar. "Amma ga ruwa, ku wanke hannu."

Ta daɗe tana kallon jarkokin. Sannan ta saki igiyar, ta miƙo mini hannuwanta biyu, na zuba.